Ranar da Na Ceci Dandamalin Mai

A kamfaninmu na Jidda, injiniyoyi ke tsara dandamalin haƙar mai da ke shawagi a teku, can inda zurfi ya hana a kafa ginshiƙi. Ni nawa aikin zana hotonsa ne domin masu saye, kuma ban taɓa zana shi babu faɗuwar rana a bayansa ba.

Ranar da baƙi za su zo ganin gwaji, na tarar da ƙaramin samfurinsa a bakin tankin ruwan gwajin. Da na ɗaga shi, sai na ji ruwa na kaɗawa cikin ƙafafunsa. Nan take na ga kaina jarumin littafi, wanda ya iso kafin masoyiya ta nutse. Na tsiyaye ruwan tas, har na goge shi da hannun rigata.

Shugabanmu, Injiniya Usman, Bahaushen Sudan, ya ce, "Yalla, bismillah," ya ɗora shi kan ruwa. Samfurin ya yi rangaji, ya kife, ya fantsama wa babban baƙo ruwa a farar jallabiya.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ni na cece shi, Injiniya. Yoyo yake yi."

"Ya akhi, ruwan nan ne nauyin da ke riƙe shi tsaye!"

Aka sake cikawa. Kwangila ta tsira, iƙamata ma, wato takardar izinin zamana a ƙasar, da ƙyar. Amma har yau in na doso, sai abokan aiki su rufe kofin shayinsu da hannu: "Halas, ya isa, Jarumi, wannan ba yoyo yake ba."