Hoton Haihuwar Nana

Da ƙanwata Hadiza ta fara naƙuda a wani asibiti a garin Laurel na Amurka, ni na hana mijinta kiran mai hoto. Na ce, "Ina raye a ɗauko bare? Ko ƙiftawa ba zan yi ba."

Na gyara tsayuwa da kyamara, har ina korar nas daga gabana. Jaririyar na faɗowa na saki kyamarar, na kama hanci, na rangaɗa guɗa. Ma'aikata suka rugo har da mai gadi, sun zaci ƙararrawar gobara ce.

Hoto ɗaya ya fita: silin, da haɓata a gefe.

Hadiza ta rataye shi a falo. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa: "Haihuwar Nana kenan. Yaya ce ta ɗauka."