Ranar da Malam Ƙamus Ya Kulle Bakin Aji

Allah Ya yi wa Malam Ƙamus baiwa, kuma shi ne ya fara gano hakan. Bai daɗe da shiga kwas ɗin horar da masu koyar da Turanci ba, harshensa ya soma ƙyamar Hausa. Ya sayi tabarau alhali idonsa garau. Abokan karatu ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu kamar an naɗa shi sarauta. A gida ko ruwa zai nema sai da Turanci, matarsa ta zuba masa ido har ƙishirwa ta tuna masa harshen uwarsa.

Abu ɗaya ya rage ya karɓi takardar shaida, wato darasin gwaji. Mai duba malamai za ta zauna a bayan aji ta ga koyarwarsa, in ya faɗi sai maimaita shekara. Ajin na manya ne, da tela da direba da 'yan kasuwa, masu barin sana'a da rana tsaka don bakinsu ya buɗe.

Ana gobe gwaji ya tara su, ya gyara zaman tabarau. "Gobe babbar baƙuwa za ta zo jin Turanci, ba kwamacala ba. Wannan gurgun Turancin naku, kowa ya baro shi a gida. Ku dai ku gyaɗa kai, sauran aikin nawa ne."

An sha nanata wa su Ƙamus a kwas cewa a bakin ɗalibi ake son jin harshe, malami ya taƙaita nasa. Ƙamus ya ji sarai, amma ya ɗauka da ƙananan malamai ake.

Ranar kuwa, zo ka ga ilimi! Ya riƙa zuba kamar famfon da ya lalace. Ya yi tambaya, ya amsa wa kansa, ya yaba wa wanda ya amsa. Ya cika allo da kalmomin da shi ma jiya ya san su. Ɗalibai suka yi ta gyaɗa kai, har direba ya gyaɗa ya zarce da gyangyaɗi.

Can mai duba ta ɗaga hannu, ta ce tana so ta ji muryar ɗalibi ko da guda. Ƙamus ya nuna tela, ya ce ya faɗi sunansa da sana'arsa. Shiru. Ya nuna wani, shi ma shiru. Ƙamus ya shiga zare musu ido. Tela, bawan Allah mai biyayya, ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Malam, ai jiya ka ce mu baro shi a gida."

Da aka tashi, matar ta rufe alƙalaminta ta ce masa mutum ɗaya ta ji ya yi Turanci a ajin nan, kuma ba shi aka kawo koyo ba. Ta ce ya dawo baɗi.

Gogan naka ya isa gida yana taku ɗai-ɗai. Ya shaida wa matarsa cewa mai duba da bakinta ta ce duk ajin shi kaɗai ya yi Turanci.

Ta ce, "Madalla. To ina takardar?"

Ya yi gyaran murya, yau kam da Hausa tsantsa. "Sun nemi in ƙara musu shekara guda. Ba sa son rabuwa da ni."