Yadda Jar Mota Ta Riƙe Ni

"Lafiya ƙalau na kwana, sai da na buɗe ƙofa na gan ki."

"Ni kuwa na ɗauka ƙofar ce ke ƙara, ashe gwiwarka ce. Ina kwana, Kaka?"

"Gwiwar nan ta girmi uwarki, ki riƙa gaishe ta da ladabi."

"Na gaishe ta. Ƙas kawai ta ce mini."

Haka muke gaisawa da jikata Bryony tun kanta bai kai teburin cin abinci ba. Yanzu ta girma tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Shrewsbury, wato raina tsoho ya zame mata sana'a har ana biyanta. Asabar ɗin nan ta zo ne ta raka ni wani ƙauye bayan Ludlow duba mota, don uwarta ta ce ba za a sake ni ni kaɗai ba, ga kuɗin fansho a aljihu ga ƙarancin hankali a ka.

Ban ga laifin uwar tata sosai ba. Na fi shekara ashirin a ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta garinmu, kuma ni kaɗai ne ɗan ƙungiyar da ba shi da tsohuwar mota. Duk watan Mayu sai su jeru su tafi bakin teku a Barmouth. Ni kuwa in sa rigar nan mai ruwan ɗorawa in nuna musu inda za su tsaya, in ɗaga musu hannu har su ɓace, in koma in wanke kofunan shayi. Vernon mai filas suke ce mini. Ina taya su dariya, amma abin yana ci mini rai, ga shi bana na cika saba'in da biyar. Na rantse ko ana ha-maza-ha-mata sai na shiga jerin nan da mota tawa. Mota ɗaya kuɗin zai saya, ɗaya garejina zai ɗauka, shi ma da ƙyar. In na zaɓi wadda ba ita ba, shi ke nan, babu ta biyu.

Matar da za mu wajenta, Misis Probert, mijinta ne ya rasu ya bar mata motoci biyu: MG Midget ja mai kujera biyu da buɗaɗɗen sama, da Morris Minor mai ruwan toka. Ko garin ba mu fita ba Bryony ta fara.

"Morris ɗin za ka saya."

"Allah ya kiyaye. Motar ungozoma? Motar da fasto ke zuwa duba marasa lafiya da ita?"

"To ai kai ne marar lafiyar. Ka ga an rage wa fasto wahala."

"Shekara da shekaru ina ce wa masu Morris butar shayi suke tuƙawa. In na shiga filin taron ƙungiya da ita, abokina Clive Beddoes sai ya yi dariya har haƙoransa na roba sun faɗo."

"Sai ka tsince masa, ai kun saba aron na juna."

"Ke, ni da kike gani don jar mota aka haife ni. Ina saurayi, in na wuce a titin Coventry 'yan mata har karo suke yi da fitilar hanya."

"A kan keke?"

"Keke mai giya uku."

"Kaka Doreen ta ce ita ta biya maka kuɗin bas ranar da kuka fara fita."

"Kakarki, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa barin gaskiya ta huta ba."

Gaskiyar kuwa ita ce, rayuwata kaf a masana'antar mota na yi ta, ina ɗaura mariƙin ƙofa. Dubban motoci sun bi ta hannuna, amma jar mota mai kujera biyu sai dai kallo ta gilashin kanti. Da na fara tara wa wata kuɗi sai aure ya zo, sai 'ya'ya suka biyo, kujera biyu kuwa ba ta ɗaukar iyali.

Misis Probert gajeriyar mace ce mai dogon takalmin roba, ba ta da yawan magana. Ta ƙi nuna mana komai sai da muka sha shayi muka ci kek, sannan ta kai mu rumfar da suke ajiye ciyawar tumaki, ta yaye barguna daga kan motocin. Ina ganin jar sai gabana ya faɗi kamar na hango tsohuwar budurwa a kasuwa. Na yi maza na juya mata baya don kada mai sayarwa ta gane.

Na fito da kayan aiki irin na duk wanda ya san kan tsohuwar mota: tocila, da maganaɗisu naɗe a hankici don kada ya ƙarje fenti. Duk inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, to tsatsa ta cinye ƙarfen, an cike ramin ne aka shafe. Da Morris na fara, kuma da mugun nufi. Na bi ƙasan ƙofofi, na bi bakin tayoyi, ina roƙon Allah ya nuna mini aibi ko ɗaya. Munafukin maganaɗisu ya riƙa kamawa ƙam ko'ina.

"Me ya ce?" in ji Bryony.

"Yana tunani."

"Kawo in gwada a ƙugunka, tunda can ma likitoci sun sa ƙarfe."

Kafin in hana ta har ta manna mini. Ya zame ya faɗi cikin ciyawa.

"Bai kama ba. Kaka, ashe cike ka aka yi aka shafe."

"Ƙarfen da ke jikina na masu kuɗi ne, ba ya kula maganaɗisun talaka."

Misis Probert ta yi kamar ba ta ji mu ba. Ta ce motocin biyu lafiyarsu lau, injinsu ba shi da wata gargada, kayan gyaransu kuma ta gidan waya suke zuwa har ƙofar gida. Marigayi Emrys, mijinta, da 'yan sifanonin da ke cikin gwangwanin biskit yake yi musu komai. Na ce to madalla, tunda duk ɗaya ne, ni jar nake so.

Bryony ba ta yi musu ba, abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Ta jawo dami biyu na ciyawa, ta jingina ɗaya a kowane gefen jar motar, dab da ƙofofin. Ta ce ga garejina nan, bango da bango, har ta yi mini rangwamen injin yankan ciyawa da ke kwana a ciki. Na duba, ƙofar jar doguwa ce, ba gajera irin ta Morris ba, ba za ta buɗu yadda ko kyanwa za ta wuce ba.

"To shiga mu gani."

"Jahilci dai bai yi ba. Mai irin wannan motar ba ya buɗe ƙofa. Don me kike zaton aka cire mata rufi? Tsallakawa ake yi."

"Kai da ko bahon wanka sai da aka kafa maka ƙarfen dafawa?"

"Wannan don ado ne."

Shiga ba ta ba ni wuya ba, don ƙasa ce ke jan mutum. Na taka damin ciyawa, na jefa ƙafa ɗaya, na jawo ɗayar da hannu, na saki jiki. Sai ga ni zaune kusan a ƙasa, ƙafafu a miƙe can ƙarƙashin sitiyari. Ƙamshin tsohuwar kujera da na baƙin mai suka buge ni. Na ɗora hannu a kan sitiyarin nan, siriri, mai sanyi. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni har idona ya ciko, shekara hamsin ina jiran zaman nan.

"Yanzu fito," in ji Bryony.

"Ina hutawa."

"Daga wace gajiya?"

"Ina duba madubi."

"Madubin lafiyarsa lau. Tsoho ne dai a cikinsa."

Na dafa ƙofa da hannu ɗaya, na dafa bayan kujera da ɗayan, na yunƙura. Na tashi kamar kamu ɗaya, tumbina ya gaisa da sitiyari, na koma daɓas. Na sake gwadawa ta gefe, gwiwar hagu ta ce ba da ita aka yi wannan shawara ba. A na uku gwiwar hannuna ta danna hon, tumakin da ke bayan rumfa suka amsa gaba ɗaya. Na ce a janye ciyawar in buɗe ƙofa kamar kowa. Aka janye, na buɗe, na fitar da ƙafa ɗaya, sauran jikin ya ce shi yana nan.

"Miƙo hannu mana, kin tsaya kina kallona."

"Yau ranar hutuna ce, Kaka. Ɗaga tsoho ranar Asabar kuɗinsa ninki ne."

"Ni na koya miki tafiya."

"Ga shi kuwa ni ban manta ba."

A nan ne Misis Probert ta yi magana, a hankali, tana naɗe bargo. Ta ce shekarun Emrys na ƙarshe bai ƙara fita da jar ba, sai dai ya goge ta ya rufe. Wata rana da sanyi ya shiga don ya ɗan zauna kawai, ita kuma ta tafi wajen ƙanwarta, tun hantsi yana ciki har yamma, sai da wani maƙwabci ya ji hon. Bai ƙara shiga ba. Amma Morris ɗin, in ji ta, ita ta riƙa kai shi coci da kasuwa da bakin teku har watan da ya kwanta.

Bryony ta durƙusa a gefen ƙofa, fuskarta daidai tawa, babu dariya a cikinta.

"Kaka, kai kaɗai kake a gidan nan. In ka maƙale a gareji, wa zai ji ka? Ni ba motar gogewa nake so ka saya ba. So nake in gan ka a kan hanya."

Na san gaskiya ta faɗa, kuma raina ya ɓaci, ba da ita ba, da jikin nan da ya tsufa bai yi shawara da ni ba. Na sunkuyar da kai ina kallon sitiyari.

Sai na ji ƙarar makulli. Misis Probert ce ta miƙo mini shi ta saman gilashi. Ta ce tunda na riga na shiga, wahalar fita ɗaya ce ko yanzu ko an jima, in kai ta ƙarshen layin gonar in dawo. Ta tura ƙyauren rumfa ya buɗe. Bryony ta yi tsalle ɗaya ta faɗa ɗayar kujerar, ba don komai ba sai don ta ƙona mini rai.

Bugu ɗaya injin ya tashi. Muka fita cikin yayyafi, shingen ganye dama da hagu sun fi mu tsayi, iska tana marin sanƙona. Giya ta riƙa shiga ƙyat-ƙyat kamar ta san hannuna. Duk ramin da muka taka sai na ji shi har cikin haƙorina, kuma ban damu ba. Na buɗe baki na yi ihu irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Bryony ta ce in rage ihun, don akwai tarakta a bayanmu tana neman hanya ta wuce. Na ce ƙarya take. Da na duba madubi, akwai.

Da muka dawo na kashe injin, na daɗe hannuna yana kan sitiyari. Bayana yana zogi, ƙuguna ya sandare, daga zuwa ƙarshen layi kawai, ina ga Barmouth. Amma zuciyata ta yi sanyi. Abin da nake bin jar mota, ta biya ni.

"To, Kaka?"

"Ba ta dace da ni ba. Ta cika tsufa."

"Ita ce ta tsufa?"

"Ita fa. Ba ki ji yadda take nishi a gangara ba?"

"Nishin daga kujerar direba yake fitowa. Faɗi da bakinka, ko in bar ka nan a sayar da ku tare."

"Nawa za a ƙara a kan kuɗin saboda ni?"

"Ragewa za a yi."

Dariya ta ƙwace mini har sai da tumbina ya sake danna hon. Misis Probert ma ta juya baya kafaɗunta suna rawa.

"Kin ci. Morris."

"Ban ji ba, kunnenka na gada."

"Morris na ce, ja'ira. Ciro ni."

Ta zagayo ta zura hannuwa ta ƙarƙashin hammatata yadda take yi wa tsofaffinta, ta ce in riƙe wuyanta, ta ja. Na fito da ƙyar, takalmi ɗaya ya zauna a ciki. Da aka miƙo mini shi na sa, na taka zuwa ga Morris a hankali, ina harararta tana hararata da fitilun nan nata masu kama da idon saniya. Na buɗe ƙofa na zauna kamar a kujerar falona. Na tashi na fito. Na koma na zauna, na sake fitowa, babu wanda ya taɓa ni. Sai da Bryony ta ce in bari haka kada in cinye ƙofar kafin in biya.

Na ba Misis Probert hannu muka daidaita. Sannan na buɗe ƙofar ɗaya gefen, na nuna wa jikata kujerar.

"Wannan taki ce ranar tafiya Barmouth. In kina da lokacin tsoho."

"Tun watan jiya na nemi hutun ranar, Kaka."

"To da jar na saya fa?"

"Da na zo da igiya."