Koren Wandon Malamin Hawan Ruwa

Wani ne a nan garin namu, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Yanzu kwakwa yake sayarwa a bakin teku, amma wannan bai nuna komai ba, mu masu sayar da kwakwa muna da yawa. Sha taka kawai, Gunadi, ka daina kallona haka.

A bakin teku aka haife shi, a nan ya girma, amma bai iya iyo ba. Ko kaɗan. Da ruwa ya wuce masa gwiwa sai salati. To, lokacin ne Bu Warsini, wato Uwargida Warsini, ta buɗe masaukinta na baƙi masu zuwa hawan igiyar ruwa, ɗakunan gora goma sha biyu, ga allunan hawa jere a jikin bango. Tana neman wanda zai riƙa koya wa sababbin shiga. Albashi mai kyau, har da abincin rana. Mutumin naku kuwa shekara biyu yana zaman kashe wando, matarsa Tumini ce ke riƙe da gida da suyar ayaba.

Ya je. Bu Warsini ta ce, "Mas," kamar yadda muke kiran namiji a nan, "ka dai iya hawa?"

Ya ce, "Haba Bu! A cikin ruwan nan na koyi rarrafe."

Ta ɗauke shi aiki.

A kan yashi kam, ba a taɓa yin malami irinsa ba. Shekara ashirin yana zaune yana kallon masu hawa, ba abin da bai sani ba. "Kwanta! Ja ruwa da hannu! Tashi! Kada ka kalli ƙafarka, kalli gabanka!" Turawa su yi rub da ciki suna iyo a busasshiyar ƙasa, shi yana zagaya su da hannu a baya. Tashin hankalin yana zuwa ne in an gama darasi, aka ce, "To, malam, mu shiga."

Kun dai san a wannan gaɓa tamu ta kudancin Jawa ba a shiga teku da koren kaya. Launin Sarauniyar Teku ne, wanda ta gani da shi ta ja shi ƙasa ya zama nata. Sai ya je kasuwa ya sayo gajeren wando kore shar. Kullum ya saɓi allo, ya nufi ruwa da ƙarfinsa, kuma ba ya bi ta ko'ina sai ta gaban Mbah Karto, tsohon masuncin nan da ke ɗinkin koma a ƙarƙashin bishiya.

Tsoho ya yi zumbur. "Kai! Kai ɗan nan! Haukacewa ka yi? Dubi abin da ke ƙugunka!"

Shi kuma ya dubi wandon, ya dafe goshi. "Kash! Na sake mantawa." Ya juya wajen baƙi. "Ku shiga abinku. Daga tudu ma na fi ganin kuskurenku."

Wata takwas ana haka. Abin mamaki, sai suna ya tafi. Tunda ba wanda ya taɓa ganin ya faɗi, aka ce ba ya faɗuwa. Wani ɗan Holan ya rantse an gaya masa mutumin ya taɓa hawa igiyar da ta kai tsawon bishiyar kwakwa yana shan sigari. Wallahi na ji daɗin wannan magana. Wato shi, ya ji daɗi.

Amma Bu Warsini ba jiya aka haife ta ba. Ran nan sai ga ta da ƙunshin kaya. "Daga yau ma'aikatana kowa rawaya zai sa. Ungo naka, Mas. Ba ni koren nan in ajiye maka."

Washegari ya saɓi allo cikin rawayan wando, ya bi ta gaban Mbah Karto. Tsoho shiru. Ya rage tafiya. Shiru. Ya yi tari. Tsoho na ta ɗinkinsa. Ruwa har ya taɓa masa yatsu. Sai ya dawo da baya, ya zaro zariyar wandon.

"Mbah, idona ne, ko wannan zariyar da ɗan kore-kore?"

Tsoho ya matso da ita dab da hancinsa. "Koriya ce! Koma! Wa ya ɗinka maka wannan mugunta?"

Da kansa ya zura ta da safe. Bu Warsini ta zare, ta zura fara da hannunta.

Kashegari ya zo yana riƙe da ciki. "Bu, an samu matsala. Na ci wainar shinkafar nan koriya da safe. Guda shida."

"To sai me?"

"Suna ciki, Bu. Sarauniya fa har ciki take gani."

Aka kira Mbah Karto. Ya shafa gemu, ya ce, "A shekaruna ban taɓa jin irin wannan ba. Amma guda shida ba wasa ba ne."

Da ya koma gida, Tumini ta ce, "Mas, don Allah ka gaya wa matar nan gaskiya kafin ruwa ya gaya mata."

Ya ce, "Ke ba ki gane ba. Kina zaton ruwan nake tsoro? Kyawawan maza Sarauniyar nan take ɗauka. Ranar da ta ɗora ido a kaina, kin rasa miji ke nan. Don ke nake wannan wahala."

Tumini ta juya ayabarta a cikin mai.

Sai ga baƙi daga Ostireliya, su goma sha biyu, sun cika masaukin. Labarinsa suka ji, kuma ba su da buri sai su gan shi a kan ruwa. Bu Warsini ta kira shi gefe.

"Mas, gobe ka shiga. In ba haka ba, ka ajiye mini wandona ka koma taya Tumini ɓare ayaba."

Da safe a gabanta ya karya, farar shinkafa da farin ƙwai. Ta duba zariya. Mbah Karto ya zagaya shi sau biyu kamar mai sayen akuya, har bayan kunne ya leƙa. Ya ce, "Tsaf yake. Ko ɗigo babu."

Ban taɓa jin haushin tsoho irin na ranar ba. Shi, nake nufi.

Ya kwanta a kan allo. Ƙattin Ostireliya biyu suka sa shi a tsakiya, suka ja shi har can inda ake jiran igiya. Ya leƙa ƙasa, ba ƙasa.

Igiya ta taso. Suka ce, "Malam, wannan?"

"Ƙarama ce."

Wata ta taso. "Wannan fa?"

"Ta karkace."

"To wannan?"

"Ku Turawa gaggawa ce ke kashe ku."

Ta huɗun ba ta tambayi kowa ba. Ta zo ta baya kamar gini, ta sunkuce shi da allon. Ya ƙanƙame, yana ihu yana kiran sunan uwarsa. Baƙi a gaɓa suka ɗauka kirari yake, suka hau tafi. Tsoro ya kai masa ko'ina, ya miƙe tsaye don ya gudu, ya manta ba wurin gudu. To wannan tsayuwar, ta ƙiftawar ido, ita ce duk hawan da ya yi a duniya. Gaɓa ta ruɗe da sowa, Bu Warsini har da tsalle.

Daga nan ruwa ya rufe. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sha, ya ƙara sha, ya yafe wa kowa. Can teku ta tofo shi tim a kan yashi, daidai gaban komar Mbah Karto. Baki cike da rairayi, ciyawar teku a ka, allo ya rabu biyu. Wando kuwa babu. Ga shi can a kan ruwa, rawaya, yana lilo yana ƙara nisa.

Tafi ya tsaya. Tumini ta ajiye farantin ayaba, ta ratso jama'a da zane a hannu.

Bu Warsini ta tsaya a kansa. "Mas. Gaya mini tsakaninka da Allah. Ka iya iyo kuwa?"

Ya tofar da yashi, ya dubi mutane, ya ga aiki na shirin bin wando.

"Ni, Bu? Ita ce fa! Sarauniya ce ta taso da kanta! Na ji hannunta a ƙuguna. Tumini, ban gaya miki ba? Ban ce ranar da ta gan ni sai ta zo ba?"

Tumini ta ɗaura masa zanen, ta ja ta tamke, sannan ta hangi teku.

"Gaskiyarka, Mas, ta zo. Ta dube ku ku biyu, ta zaɓi wandon."