Saukowata Daga Benen Fatoma

Ko sunayen jikokina sun ɓace mini, ba zan taɓa mantawa da masaukin nan na Damagaram ba. Can aka sauke mu shekarar da muka bi ayari daga Kornaka, ni da taubashiyata Hassu, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

Gidan tun na kakan fatoman ne, wato mai masaukin, zaure uku kafin a ga tsakar gida, komai da ƙa'idarsa. Baƙo ya iso, a wanke masa ƙafa, a ba shi goro. Da hantsi kowace baƙuwa ta je ta gaida uwargida a kan tabarmarta. Wadda ba ta je ba ta raina gida, sai a ɗaure mata kayanta. Ɗakin bene kuwa na matan manya ne.

Ni da ko rumbu ban taɓa hawa ba, na ce ai ɗiyar mai gari ce ni (ubana rijiya yake haƙa, Allah ya jiƙansa). Hassu ta buɗe baki, na take mata ƙafa. Aka kai ni bene.

Hawa ba wuya, idonka na kan bango. Da gari ya waye na leƙa matakalar nan, siririya, sawu ya cinye ta, na hango raƙuma a ƙasa kamar awaki. Na koma ɗaki na zauna, na ce ba ni ba sauka.

Uwargida ta aiko a ji ko lafiya. Na ce cikina ne ya ɗaure. Hassu ta hawo, ta dube ni, ta dubi matakala.

"Sannu, ɗiyar mai gari. Bari in gaya musu maganin da kike sha a gida."

Filasko aka dafo, ƙwarya cike. A gidan nan kuma ba a mayar da aiken uwargida, wadda ta kawo tana tsaye sai ta ga gindin ƙwarya. Na shanye.

Kafin azahar ciki ya fara kiɗa. Makewayi yana ƙasa, can ƙarshen gida. Na yi addu'a, na yi zufa, na yi wa Hassu Allah ya isa. Daga ƙarshe na zauna daɓas, na sauko da mazaunai, mataki ɗaya-ɗaya, ina salati, zane ya naɗe har gwiwa, matan fatake duk sun bar daka suna kallo. Ina taɓa ƙasa na wuce tabarmar uwargida da gudu.

"Baƙuwa, ba gaisuwa?"

"Ina dawowa, ranki ya daɗe."

Na dawo na durƙusa. Matar nan ko murmushi ba ta yi ba (gara ma ta yi dariya). Ta ce a shimfiɗa mini a ƙasa, kusa da makewayi, tunda ɗiyar manya ba ta jin daɗi. Labarin kuwa ya riga ni isa Kornaka.

Kada ku ce na tuba, har yau ina cika baki. Sai dai duk inda aka ce in hau, sai na ga wata tsohuwa ta sauko da ƙafafunta tukuna.