Rasuwar Fair Isle, Suwaitar Lowrie Isbister

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ido a bushe, Lowrie Isbister na tsibirin Yell yana sanar da rasuwar suwaitarsa, wadda aka fi sani da Fair Isle, sunan tsibirin da kakanninta suka fito.

Ita ce a jikinsa cikin jirgin ruwan Aberdeen ranar da ya dawo daga karatu a Kanada, da jaka ɗaya, da reza, da digirin da bai taɓa tare masa iska ba.

Marigayiyar ulu ce zalla, saƙar hannun yayarsa Osla. Ba ta da surutu, sai ɗan ƙaras-ƙaras idan gishirin teku ya bushe a jikinta. An sha warware mata hannuwa a sake saƙawa, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ajali ya riske ta a injin wanki, a hannun Drew, mijin 'yarsa, wanda ya tsoma ta a ruwan zafi don neman gindin zama. Ta fito a dunƙule, ko jikin ɗan rago ba za ta shiga ba.

"Baba, wari fa take yi," in ji Drew.

"Warin aiki ne, yaro," in ji Lowrie. "Na teku. Shi ya sa ba ka gane shi ba."

Ta bar 'yan uwanta tufafi: hula mai suna Balmoral, da safa mai suna Argyle ƙafa ɗaya, da kwat mai suna Harris da asu ya fara kai wa ziyara.

Yatsun Osla sun ƙage, ba za ta ƙara saƙa ba, don haka zanen saƙa na gidansu a jikin marigayiyar kaɗai ya rage. Wata mata daga wani kamfanin tufafi na kudu ta zo ta'aziyya, tana neman gawar, a kwafi zanen a inji, a liƙa masa sunan tsibiri.

"Za ta rayu har abada, Mista Isbister."

"Ta gama rayuwarta, baiwar Allah. Ga takalmanki can."

Za a yi jana'iza ranar Asabar a kicin ɗin Osla, da almakashin askin tumaki. Ulun da ya dunƙule ba ya warwaruwa, don haka za a yayyanka ta, a shimfiɗa a cikin takalman roba na masunta. Akwai shayi da miyar naman rago. Ba a ɗaukar hoto. Da 'yan uwa sun shigo Lowrie zai rufe ƙofa: gawar ba za ta bar tsibirin nan ba sai a ƙarƙashin ƙafar mai fita kamun kifi.