Bugun Farko na Uban Ƙungiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Na ji shiru. To, tunda jarida ba ta da baki, bari in amsa muku da kaina: ta zo mu ji ta.

Jiya da hantsi ni da maƙwabciyata Zulai muka hau keke napep za mu barkar haihuwa Tudun Wada, mai keken ya ce mu yi masa haƙuri ya ɗan sha mai. Wannan "ɗan" shi ya kai mu azahar a layi. Muna zaune muna fifita da gefen mayafi sai ga jiniya. Baƙaƙen motoci suka ratsa mu, aka buɗe musu famfon da tun safe ake ce mana ya lalace, suka sha suka wuce. Zulai ta leƙa ta ce, "Inna, wancan na kujerar baya ba Uban Ƙungiya ba ne?" Na ce shi ne, Allah ya ƙara wa ƙafarsa sauƙi. Mai keke ya ce me ya sami ƙafar? Na ba shi labari. Ku ma ga naku.

Bara ne shekara ta biyu da kafa gasar ƙwararru ta garuruwanmu, wadda aka ce za ta mai da ƙwallo sana'a, matashi ya ci abinci da ƙafarsa. Mu nan Gusau aka haɗa mana ƙungiya, aka raɗa mata suna Guguwa. 'Yan wasa an samu na kirki. Shugabanni kuwa, ma sha Allah, sun fi 'yan wasan yawa. Akwai Shugaba, akwai mataimakansa har inda na gaji da ƙirga, akwai wanda aikinsa kawai ya zaɓo launin hular 'yan kwamiti, kuma sai da aka kai shi ƙasar waje ya ga yadda ake yi. Sama da su duka akwai Mai Girma Uban Ƙungiya, bawan Allah da rabonsa da gudu tun yaye, amma Ubangiji ya ɗora masa son wasanni.

Cikin 'yan wasan akwai Mahadi, ɗan Wanke, dogo, mai ƙafar hagu kamar guduma. Mahaifinsa Malam Shehu manomi ne, kuma da ƙyar ya sake shi. Ranar da zai taho Gusau da matarsa Hanatu, tsohon ya ce masa, "Na ba ka shekara guda. In ƙungiyar taku ta tsaya cikin manya, ka ci gaba da abinka. In ta hwaɗo, ga hauyarka nan rataye, ba ni ba kowa aro."

Kun san mu da tarbiyya. Ba a sa hannu a kwano kafin babba, ba a ɗaura aure sai babba ya zauna. Don haka kwamiti ya ga cewa rashin kunya ne a taɓa ƙwallo a filinmu kafin Uban Ƙungiya ya yi bugun farko. Sai a ɗora ƙwallon bisa faranti a tsakiyar fili, a lulluɓe ta da kyalle, a sa mataimakin shugaba guda ya tsaya gadi. Su kuwa masu shirya gasa, da yake ba su san girman manya ba, sun ce in lokaci ya yi ba a fara ba, alƙalin wasa ya ɗan jira, sannan ya busa ya ba baƙi maki.

Haka kakar ta tafi. In Guguwa ta fita waje, inda babu wanda za a jira, sai ta ci. A Tsafe Mahadi ya zura ƙwallon da har yau mai tsaron ragarsu ke tambaya ta ina ta bi. In kuma aka dawo gida, sai 'yan wasa su sa riguna, su yi tsalle-tsalle, su zauna, su tashi, alƙali ya dubi agogo ya busa. Baƙi su hau motarsu da maki, ko zufa ba su yi ba. Can dab da magariba sai ka ji jiniya. Mai Girma ya sauko, ya ɗan taɓa ƙwallo da kan takalmi a filin da ba kowa sai awaki, maroƙa su yi ta kirari, a watse.

Koci Bala ya je ya sami sakataren kwamiti, Alhaji Tajuddeen, ya ce ana kashe masa yara a zaune. Sakatare ya ce, "Koci, maki kullum ana samu. Amma a ce Mai Girma ya iso ya tarar an fara? Kai za ka kalli idonsa ko ni?"

Aka zo wasan ƙarshe, a gida, da Bijiman Bungudu. In Guguwa ta ci ta tsira, in ba ta ci ba ta faɗo. Mahadi ya kasa cin tuwo. Hanatu ta dube shi ta ce, "Ku dai maza ba ku iya gayyata ba. Mu in muna son mata su zo walima da la'asar, hantsi muke ce musu. Ku ce ma Mai Girma wasan da hantsi ne mana."

Mahadi ya ajiye lomar da ke hannunsa ya fita sai gidan koci. Koci ya kai wa sakatare. Sakatare ya yi ta jan carbi, ya ce ƙarya ga babba ba ƙaramin abu ba ne, amma daga baya ya ɗauki waya ya kira Mai Girma.

Ranar wasa aka tashi da ruwan sama, ya ɗauke kafin azahar. Fili ya cika, don labari ya zaga gari cewa yau za a buga. Motar asibiti, wadda dokar gasa ta ce dole ta tsaya bakin fili muddin ana wasa, tana wurinta. Malam Shehu ma ya zo daga Wanke a bayan babur, karonsa na farko a filin ƙwallo. Ya zauna can sama da sandarsa yana tambayar na kusa da shi wace raga ce ta ɗansa.

Dabarar Hanatu ta yi aiki. Mai Girma ya yi lattinsa yadda ya saba, ya iso daidai lokaci. Mahadi ya ji kamar an sauke masa buhun dawa daga ka. Aka yaye kyalle, aka sauke ƙwallo daga faranti.

Sai dai Mai Girma bai taɓa ganin filin da mutane ba. Da ya ɗaga kai ya ga jama'a maƙil, sai ya ga ɗan taɓi da kan takalmi bai dace da matsayinsa ba. Wani maroƙi ya ce, "Ja da baya, ranka ya daɗe, nuna musu kai ne uban wasan." Ya ja da baya. Ya tattare babbar riga ta shadda, ya taho a guje cikin sabon takalmi mai santsi, bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ƙwallo dai ba ta je ko'ina ba. Shi ne ya tafi.

Fili ya yi tsit, don dariya a irin wannan wuri tana iya raba mutum da aikinsa. 'Yan kwamiti suka rufe shi, wannan ya riƙe hula, wancan yana yi wa ƙafar fifita. Kafin ka ce wani abu an jawo motar asibiti tsakiyar fili.

Mahadi ya ratsa su ya durƙusa gaban sakatare. "Alhaji, ga motocinai nan birjik, a sa shi cikin guda. In wagga mota ta hita, wasa ya mutu."

Sakatare ya ce, "Kai Mahadi, ka yi hankali. Mai Girma ya faɗi gaban jama'a, sannan ya tafi a motarsa kamar wanda bai ji ciwo ba? Me mutane za su ce?"

Mota ta fita da jiniya, Mai Girma na zaune a ciki yana amsa waya, yana ɗaga wa jama'a ɗaya hannun. Alƙali ya ce babu wasa sai ta dawo. 'Yan Bungudu da kansu suka ce su dai a buga, sun gaji da makin zaune. Alƙali ya ce ba shi ya yi dokar ba. Koci ya yi ta kiran direba, direba ya ce an umarce shi ya tsaya ƙofar gidan Mai Girma, ko ƙafar za ta motsa. Alƙali ya jira iya abin da doka ta ba shi, har ya ƙara na tausayi, sannan ya busa.

Mahadi na zaune a ciyawa yana kwance igiyar takalmi sai ya ga ƙasan sanda a gabansa.

"An gama?" in ji Malam Shehu.

"An gama, Baba."

"Ni ban ga ka taɓa ta ba."

"Ban taɓa ba."

Tsohon ya dubi ƙwallon da har yanzu ke tsakiyar fili. Ya ce, "Gudun da kuka yi kahin a hwara, kai ka hi su duka. Na gani." Ya gyara riƙon sandarsa. "Gero na jiran maimai."

Da na kawo nan Zulai ta ce, "To Inna, ba a hukunta kowa ba?" Na ce haba, ƙasar da doka? An kafa kwamitin bincike, ya yi zama a babban otal, ya gano cewa laifin na wanda ya sa Mai Girma ya zo kan lokaci ne, alhali jikinsa bai saba ba.

Ƙurunƙus. Guguwa ta faɗo daga gasar. An kori Koci Bala, yanzu yana horar da 'yan makaranta a Tsafe. Sakatare ya zama mataimakin shugaba. Mai Girma an ba shi lambar yabo, a matsayin mutum na farko da ya ji rauni a hidimar gasar. Mahadi da Hanatu suna Wanke, kuma geronsu ya yi kyau.